Naman Sallah: Ki Ci Da Natsuwa, Ki Tashi Da Godiya

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Gumel, tun daga cikin garin Lautai har Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka waɗanda muryarmu take isa gare su. Ina gajiya, yaya hidimar Sallah? Allah ya nuna mana ita lafiya.

Yau zancen ciki za mu yi. Kada wata ta gyara zama ta ce, to, yau ma an zo a hana mu cin nama. A'a, uwargida, kwantar da hankalinki. Ni yau cewa na zo yi ki ci. Abin da za mu tattauna shi ne yadda za ki ci ki ji daɗin abin da kika ci, ki tashi jikinki sakayau, zuciyarki kuma ba ta tuhumarki da komai.

Duk wadda ta san ƙasar nan ta san yadda makon Babbar Sallah yake. Ranar Alhamis kasuwar Maigatari ta cika ta batse, ga raguna, ga shanu, ga raƙuma, motoci suna ta lodi zuwa Kano da Legas. A cikin gida kuwa an wanke tukwane, an daka yaji, an tanadi itace da man gyaɗa. Ranar Sallah a yanka, a fara da hanta da kayan ciki, a rataye sauran. Washegari a sauke a yayyanka a hau suya, hayaƙi ya turnuƙe unguwa. 'Yan'uwanmu na wajen Damagaram su kuma su banƙare ragon a jikin itace su kewaye wuta da shi. Ga tuwon shinkafa da miyar taushe, ga waina, ga funkaso, ga cincin da dubulan na tarar baƙi. Wannan ni'ima ce, kuma sau ɗaya take zuwa a shekara.

Sai dai idan kika lura, mata da yawa ba sa morar wannan ni'imar. Kashi biyu muke rabuwa. Akwai wadda za ta zauna bakin kasko tun hantsi, ana tsamewa tana jefawa a baki, ba ta san adadin da ta ci ba, ba ta ma ji ɗanɗanonsa ba, sai da daddare ciki ya ƙulle a shiga neman kanwa. Akwai kuma wadda duk lomar da ta kai baki sai zuciyarta ta ce mata, kin ƙara ƙiba, kin karya dokar likita, kin ci rabon yara, me surukarki za ta ce. Ta farko ta ci ba ta sani ba, ta biyu ta ci ba ta ji daɗi ba. Dukkansu Sallah ta wuce su.

Mu fara da mai zargin kanta. 'Yar'uwa, kin san cewa haramun ne a yi azumi ranar Idi, ƙarama ko babba? Malamanmu sun karantar da mu cewa kwanakin da ke bin ranar layya kwanaki ne na ci da sha da ambaton Allah, kamar yadda ya inganta a hadisi. A Ƙaramar Sallah sunna ce mutum ya ci wani abu kafin ya fita masallacin Idi, kamar dabino mara, wato uku ko biyar ko bakwai. A Babbar Sallah kuwa an so a jinkirta sai an sauko, shi ya sa a gidajenmu ake buɗe baki da hantar layya. Kin ga ke nan cin abinci a waɗannan ranaku yana cikin bikin da addini ya shirya mana. Abin da Alƙur'ani ya hana a Suratul A'arafi shi ne ɓarna da wuce iyaka, bayan ya yi umarni da a ci a sha. To, wadda ta ci halaliyarta daidai cikinta, laifin me ta yi da za ta zauna tana cizon yatsa?

Ita kuma mai ci ba lissafi, ga abin da ya kamata ta sani game da jikinta. Ciki ba ya gaya wa ƙwaƙwalwa cewa ya ƙoshi nan take. Masana lafiya sun ce saƙon yakan ɗauki kamar minti 20 kafin ya isa sosai. Idan kika cinye kwano guda cikin minti biyar, kin riga saƙon isa, sai ki ƙara na biyu kina zaton har yanzu da yunwa. Kafin labari ya zo aikin gama ya gama. Nama mai kitse kuma ya fi tuwo daɗewa a ciki kafin ya narke, shi ya sa wadda ta cika cikinta da soye da dare ta kwanta take tashi da ƙwarnafi da kumburi. Ba maita ba ce, ba kuma sammu ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana.

Ma'aunin da aka ba mu tun tuni mai sauƙi ne. A hadisin da Tirmizi ya ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna a kasa ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar wa numfashi. Can a tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, inda aka san tsofaffi da tsawon rai, su ma suna da al'adar tsame hannu tun ciki bai gama cika ba. Likitocin zamani kuma suna koya wa marasa lafiya abin da za mu iya kira ci da natsuwa, wato mutum ya tara hankalinsa a kan abin da yake ci a lokacin da yake ci. Bari mu ga yadda wannan zai yiwu a tsakar gidanmu, cikin hayaniyar Sallah.

Abu na farko, ki zauna. Wallahi wannan kaɗai ya isa ya gyara rabin matsalar. Cin tsaye a bakin murhu shi ne cin da ba a ƙirga shi. Idan ƙamshin suya ya ja ki, kada ki yi ta tsinta ɗaya-ɗaya. Ɗauki ɗan faranti ki zuba abin da idonki ya ga zai ishe ki, ki bar wa wata juyin kaskon, ki nemi inuwa ki shimfiɗa tabarma. Ki wanke hannu, ki yi bismilla, ki ajiye wayar nan a gefe. Ki tauna sosai. Ki ji gishirin, ki ji citta da kanumfari da masoro da kika sha wahalar dakawa. Ke kika yi wannan aikin, ai ya kamata ki san daɗinsa.

Na biyu, idan kin kai rabin farantin ki ɗan dakata, ki kurɓi ruwa, ki tambayi cikinki, har yanzu yunwa ce ko dai baki ne yake so? In yunwa ce, ci gaba abinki. In baki ne, rufe sauran ki ajiye. Naman nan ba guduwa zai yi ba. Soyayyen naman layya da aka soya ya bushe yana yin makonni, kakanninmu ma har wutsiyar rago suke adanawa sai daren cika-ciki a watan Muharram. Wanda ya san gobe ma zai ci, ba ya yi wa na yau cin ƙarshe.

Na uku, kada ki bar nama ya tafi shi kaɗai. Allah ya hore wa ƙasar nan zogale da rama da yakuwa da kabewa da kuɓewa, ga kankana, ga kokwamba, ga lemon tsami. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. Ba sai kin nemi sikeli ba. Ki dai tabbata duk sanda kika zauna cin nama akwai kwaɗon zogale ko yankakkiyar albasa da tumatir da kabeji a gefe. Su ne suke taimakon hanji ya yi aikinsa, su hana taurin bayan gida da ke damun mutane bayan Sallah, wanda nan da nan sai mu ce basir ne ya tashi.

Sai abin sha. A shekarun nan Sallah tana faɗowa cikin zafi, kuma kun san zafin ƙasar Gumel ba ya wasa. Baƙo yana shigowa abin da ake fara miƙa masa lemon kwalba ne. To ki sani, kwalba ɗaya ta lemon zaƙi tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kamar cokali 12 a yini ga babban mutum, in ma da hali a tsaya a shida. Kwalba biyu ke nan kin tsallake iyaka, ba a ma zo kan cincin da alkaki ba. Alhali zoɓon da ake lodawa daga Maigatari zuwa ƙasashen waje a gonakinmu ake noma shi. Ki dafa shi da citta da kanumfari, ki sa sukari kaɗan. Ga kunun aya da dabino, ga fura da nono, ga ruwan randa mai sanyi wanda babu abin da ya kai shi kashe ƙishirwa. In ranki ya biya da lemon, sha guda ki more shi, sauran yinin ki koma wa ruwa.

Yanzu bari in zo kan maganar da ta fi ci mini rai, wato matar da ta dafa ba ta ci ba. Kun san ta, tana nan a kusan kowane gida. Ita ta tashi tun asuba, ita ta wanke hanji, ita ta sha hayaƙi kwana biyu. Ta zuba na maigida da baƙinsa, ta aika na surukai, ta kasa na maƙwabta, ta raba wa yara da almajirai. Sai la'asar sakaliya ta tuna ba ta sa komai a cikinta ba, ta kankare ƙanzo ta haɗa da ɗan ƙashi ta ce ai ƙamshin ma ya ƙosar da ita. Haba uwargida! Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini. Fiye da rabinmu ke nan. Jan nama da hanta suna cikin abincin da ya fi ba jiki sinadarin ƙarfe mai gina jini, kuma jiki ya fi saurin karɓarsa daga nama a kan daga ganye. Mace mai haila, mai ciki, mai shayarwa, ta fi kowa a gidan buƙatar wannan tsokar. Idan kina rabo ki kasa da kanki, ki ɗebe naki tun da fari ki rufe. Wannan ba rowa ba ce, ba kuma son kai ba ne. In kika kwanta ciwo, wa zai riƙe gidan? Mai sabon ciki dai kada ta yawaita hanta, ɗan kaɗan ya isa, ta fi ƙarfafa tsoka.

Haka amaryar da wannan ce Sallarta ta farko a gidan miji. Kunya ado ce, mun yarda. Amma kunyar da za ta sa yarinya ta yini da yunwa a cikin gidan da ake suya, har jiri ya ɗebe ta, ta wuce ado. Iya, Hajiya, ke da kike uwar miji, ke za ki sauƙaƙa mata. Zuba mata da hannunki ki aika mata ɗaki, ki ce wannan nata ne ita kaɗai. Ba za ta manta miki da shi ba har ta tsufa. Ku kuma iyayen gida maza da kuke jin mu ta bayan zaure, in an kawo muku kwano ku riƙa tambaya, ita ta ci kuwa?

Sai yawon gaishe-gaishe. Kin fita gidan Inna, kin biya gidan Gwaggo, kin leƙa gidan Kawu, an je kallon hawan Sarki an dawo, ko'ina sai an dire miki kwano. Ki ƙi ci a ce kin raina, ki ci ko'ina ciki ya ɗaure. Dabarar ita ce kada ki fita da yunwa, kada kuma ki fita a ƙoshe dam. Duk gidan da kika shiga ki sa albarka, ki ɗauki yanka ɗaya ko biyu, ki yaba wa mai girkin, ki ce, "Gwaggo, wallahi ya yi daɗi, a ƙulle mini sauran in tafi wa yara da shi." Babu uwar da za ta ji haushin wannan. Mu kuma masu tarar baƙi mu rage matsa wa mutane. Tayi ɗaya ko biyu ya wadatar. Ba ki san abin da likita ya gaya wa baƙuwarki ba, kuma ba dole ne ta buɗe miki sirrin lafiyarta a gaban jama'a ba. Abincin wani gubar wani.

Wannan ya kawo mu kan masu hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki. Ku ma Sallarku ce, ba a ce ku zauna kuna kallon mutane ba. Mai hawan jini ta sani gishirin da aka yarda babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙaramin cokali ɗaya, duk da wanda ke cikin miya da yaji. Dunƙulen magi kuma kusan rabinsa gishiri ne. Tun wajen tafasa ki ware naki, ki ƙarfafa albasa da tafarnuwa da daddawa da kayan ƙamshi, ki cire kitse, ki gasa ko ki yi farfesu maimakon ki tsoma a kakide. Mai ciwon suga ta fi kiyaye lemo da cincin da nakiya da tulin tuwo ko waina, ta ci a kan lokaci, kada ta tsallake abinci don tana tara wuri. Mai gyambon ciki ta sassauta yaji da maiƙo, kada ta kwanta da zarar ta gama ci. Gaba ɗayanku kuma kada hidima ta mantar da ku shan magani, kada a ajiye na asibiti a ce zoɓo ko tafarnuwa sun wadatar. In an yi kuskure an zarce yau, ba a gyara shi da kwana da yunwa. Gobe a koma kan tsari kawai.

Kada mu manta da tsabtar abin da za mu ci, don babu jin daɗi a Sallar da ta ƙare a gadon asibiti. Ƙa'idar masana ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin firji ba, balle a irin zafinmu, ga wutar lantarki ba tabbas. Miya da farfesu da kai da ƙafa su suka fi saurin lalacewa. A ɗumama su har su tafasa kafin a ci. Naman ajiya a soya shi ya bushe sarai, a bar shi ya huce a sha iska kafin a rufe, kada a ƙulle shi da zafi a leda. Wuƙa da faifan da aka yanka ɗanye a wanke su da sabulu kafin su taɓa dafaffe. Yara kuma da suke yawon Sallah suna haɗa alewa da nama da ƙanƙara, in gudawa ta kama ɗaya a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda nan take, in abin ya ƙi tsayawa ko ya galabaita a garzaya asibiti.

Akwai kuma bakunanmu. Sallah ce take tara dangi, nan ne za ki ji ana cewa, "Ke wance, irin wannan ƙiba haka?" ko kuwa, "Mijin naki ba ya ba ki abinci ne, duk kin rame?" Mai faɗa ta ɗauka wasa ne, wadda aka gaya wa kuwa ta tafi da shi gida. Daga nan wata ta shiga shan shayin rage tumbi da maganin wankin ciki ba bisa ƙa'ida ba, wata kuma ta nufi masu tallan sha-ka-fashe. Da yawa daga ƙwayoyin nan na ƙiba magunguna ne da aka yi don wasu cututtuka daban, kuma shan su barkatai yana iya kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana garkuwar jiki. An ruwaito cewa Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mu ɗauki wannan ladabi mu faɗaɗa shi, mu bar kushe girkin mutane, mu bar kushe jikinsu.

Ban manta da ke ba, 'yar'uwar da bana ba a yanka komai a gidanki. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, aka kuma rufe iyakarmu da Nijar daga Agustan wannan shekarar zuwa Maris na 2024, mutanen Maigatari da kewaye sun ga yadda kasuwa take juyawa, gidaje da yawa da suka saba layya suka haƙura. Layya tana kan mai hali ne. Kada ki sa maigida a gaba da gori har ya ci bashin da zai kai shi kaka yana biya, kada kuma ki ɓoye a ɗaki don kunya. Abin da maƙwabta suka aiko ki karɓa da hannu biyu, haƙƙinki ne da Allah ya sanya a cikin dabbarsu. Ki dafa shi da kyau, ki tara 'ya'yanki ku ci kuna hira. Ke kuma da Allah ya hore wa, hanyar da za ki ci naki hankali kwance ita ce ki fara fitar da na mutane, kuma tsoka mai kyau, ba ƙashi da tantani ba. Wadda ta san maƙwabciyarta ta ɗora tukunya, ita ce take cin nata da daɗi.

To jama'a, agogo ya ce mu tsaya nan. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Allah ya karɓi ibadunmu, ya dawo mana da alhazanmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya maimaita mana. A gaishe da maigida da yara, a yi Sallah lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.